Dan Allah masu sani: bashin karatu na NELFUND, ya ake nema kuma nawa zai ɗauke min?

AbbanHanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan ta bashin ɗalibai, don tun jiya kaina a kulle yake. Ƙanwata ce ta samu admishan a wata jami'ar tarayya, kemistiri aka ba ta, ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan, mahaifinmu kuma ya rasu shekara uku ke nan Allah ya jiƙansa, to ni ne babba, komai kaina yake. Ni ɗinki nake yi a Funtuwa, shago ɗaya keke biyu, in ba lokacin sallah ko na bukukuwa ba wallahi abin sai a hankali, ga iyali ga Inna ga ƙanne biyu a sakandare.

Jiya ta nuna min takardar kuɗin rijista, 128,000, ban da ɗakin kwana, ban da kuɗin karɓar gurbi da na riga na biya. Bayan isha'i na ɗauko littafin da nake rubuta awon mutane na juya bayansa na yi ta lissafi, duk ta inda na ɓullo abin ba ya haɗuwa. Shi ne wani kwastomana malamin makaranta ya ce me ya sa ba za ta nemi na NELFUND ba, wato hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu. Ni kuma gaskiya ina tsoron bashi, balle na gwamnati, kuma maganganun da nake ji sun yi yawa, wannan ya ce akwai kuɗin ruwa a ɓoye, wancan ya ce sai ka kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka, ni kuma ban san kowa a gwamnati ba. Abin da nake so in sani shi ne ya ake nema, nawa za ta samu a shekara don in san abin da ya rage a wuyana, sannan idan ta gama ta yi aure ba ta kama aiki ba wa zai biya, ni za a zo a kama ko ita? Ba na so in sa marainiya a abin da zai zame mata wahala gaba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Sadiq_aji3:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ni ina aji uku kuma sau biyu ina nema ina samu, bari in faɗa maka abin da na sani.

Maganar wanda zai tsaya maka, wanda ya faɗa maka ba ƙarya ya yi ba amma tsohon labari ne. Dokar farko da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ita ce ta ce sai ka kawo mutum biyu, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, har ma ta ce sai in abin da gidanku ke samu a shekara bai kai 500,000 ba. Mutane suka yi ta surutu cewa talakan da aka yi abin dominsa ina zai samo waɗannan mutanen, shi ne aka soke ta aka yi sabuwa, ya sa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. A sabuwar babu mai tsaya maka, babu maganar nawa gidanku ke samu. Sunanka ma kai ba zai shiga ko'ina ba, ita ce mai bashin.

Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wannan ko ganinsa ba za ta yi ba, kai tsaye ake tura wa jami'ar daidai abin da aka yanka wa kwas ɗinta. Sai kuɗin kashewa, 20,000 a wata, shi ne yake shiga akawun ɗinta. Kuma ba dole ba ne ta karɓi duka biyun, wajen cikewa za a tambaye ta ko tana son na kashewar, in ta ce a'a to na makarantar kaɗai za a rubuta mata.

Abubuwan da za ta tanada: lambar JAMB, lambar NIN, BVN, akawun na banki da sunanta ita kanta ba naka ba, imel da take iya buɗewa, lambar ɗalibta da makaranta ta ba ta, sai hoton takardar admishan ta JAMB, katin makaranta ma in ta samu. Shafin shi ne nelf.gov.ng, da waya ma ana yi, kuma ko sisi ba a biya. Amma fa ba za ta iya komai ba sai makarantarsu ta tura sunayen ɗalibanta can, in ta sa lambarta aka ce ba a ganta ba to ba ta yi laifin komai ba, sunanta ne bai hau ba tukuna, sai ta je ofishin kula da harkokin ɗalibai ta tambaya.

Abu ɗaya da ya ba ni wuya ni, sunana. A NIN an rubuta Abubakar Sadiq, a banki kuma tun ina yaro wanda ya buɗe min akawun ya rubuta Sadiq Bukar, ranar haihuwar ma da bambancin wata guda. Sati uku na yi ina zirga-zirga kafin abin ya daidaita, abokaina har sun gama nasu. Dan Allah yau ɗin nan ka sa ta jera takardun uku a gabanta, JAMB da NIN da na banki, ta duba harafi-harafi.

AbbanHanifa:

Allah ya yi maka albarka ƙanina, ka cire min ƙaya ɗaya. To amma makarantar sun ba da sati uku a gama rijista, kuɗin zai fito kafin nan? Don in zan jira ne gara in sani.

Malam_Idi:

Malam AbbanHanifa kar ka jira. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren rijistar ɗalibai a wata kwaleji, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani ga sababbin shiga. Abin matakai ne, ɗalibi ya cike, a dawo wa makaranta da sunan ta tabbatar ɗalibinta ne kuma ga kuɗin kwas ɗinsa, sannan a amince, sannan a tura kuɗi, kuma ba na mutum ɗaya ake turawa ba, rukuni-rukuni ake yi. Ba abin sati uku ba ne a mafi yawan lokuta. Akwai makarantun da suke ɗaga wa waɗanda aka riga aka amince musu ƙafa su yi rijista kafin kuɗin ya iso, akwai waɗanda ba sa yi, to sai ta tambaya a can ta ji da kunnenta, kar ta dogara da abin da aka faɗa a guruf ɗin WhatsApp.

Shawarata shekarar farkon nan ka ɗaure ka nemo 128,000 ɗin ko ta halin ƙaƙa ka biya, ita kuma ta cike neman bashin. Idan kuɗin ya iso makaranta alhali kun riga kun biya, haƙƙinku ne a mayar mata da shi, hukumar ma ta sha fitowa ta umarci makarantu su mayar wa ɗaliban da suka riga suka biya. Sai dai mayarwar tana son bibiya. Rasidin biya, takardar Remita (shafin da ake biyan kuɗin makaranta ta kansa), fom ɗin rijista da aka buga wa hatimi, duk ta yi fotokwafi biyu-biyu ta ɗauki hotonsu a waya ta turo maka kai ma ka ajiye. Na ga yarinyar da ta zo tana kuka a ofis rasidinta ya jiƙe a jaka rubutun ya goge, sai da aka yi kwanaki ana binciko mata.

Sannan ka tabbata ta karɓi gurbin a CAPS, wato shafin JAMB na karɓar admishan, ta ciro takardar admishan ta JAMB, don wadda makaranta ta bayar kaɗai ba ta wadatar ba. Kuma duk sabuwar shekarar karatu sai an sake nema, ba wai an cike sau ɗaya shi ke nan har a gama ba.

Na ƙarshe, in za ta je kafe a cike mata, ta zauna a wurin a yi a gabanta, lambar wayarta da imel ɗinta da akawun ɗinta za a sa. Akwai yaran da masu kafe suka sa musu imel ɗin shago, daga baya ko shiga shafin ba sa iya yi. Duk wanda kuma ya ce a kawo wani abu zai sa a fitar mata da wuri, ɗan damfara ne.

Maman_Khairat:

Sannu ƙanina, Allah ya ba ka ladan zumunci, riƙon maraya ba ƙaramin abu ba ne. Ni 'ya'yana biyu ne a jami'a yanzu, mace da namiji, kuma ni ma da biro da takarda nake kwana, to bari in taya ka lissafin don na ga samarin nan sun yi maganar cikewa amma ba su taɓo inda kuɗin yake tafiya ba.

Ka ga 20,000 ɗin nan, raba shi kwana 30 ka gani, naira 666 ne a rana. Yanzu fisabilillahi 666 me za ta saya wa yarinya a rana, in ta hau a-daidaita zuwa da dawowa ta sayi ruwa ai ta ƙare. Ba raina shi nake ba, wallahi yana rufa asiri, ranar da alat ɗin ya shigo wa ɗiyata har kirana take yi muryarta ta canza. Amma kar ka ɗauka an sauke maka ciyarwa. Kuma kar ka ɗora tukunya a kan ranar shigowarsa, ka yi lissafinka kamar babu shi, in ya zo ya tarar da ita da abincinta.

Yadda nake yi ni, kashi uku nake raba abin. Akwai na sau ɗaya wanda in an yi an gama: katifa, bokiti biyu, ɗan ƙaramin gas ko risho, tukwane, akwati mai kwaɗo, kuma tunda kemistiri za ta yi akwai farar rigar ɗakin gwaji, wannan ma kai tela ne ka ɗinka mata da kanka ka huta, ka dai tambayi irin tsawon da suke so. Akwai na shekara: ɗaki, kuɗin sashe da na ƙungiyar ɗalibai, kuɗin mota zuwa da dawowa hutu aƙalla sau huɗu. Maganar ɗakin nan ita ce babba, in ta samu gado a cikin makaranta ka gode Allah, in ba ta samu ba sai haya a waje, kuma hayar waje tana iya fin kuɗin rijistar gabaɗaya, don haka ranar da aka buɗe neman gado ta kasance cikin na farko, ko da kuwa cikin dare aka buɗe. Sai na wata-wata: data, fotokwafi da littattafan gwaji da malamai ke cewa a saya, sabulu da omo, audugar mata wanda mazan gida kullum mantawa suke da shi a lissafi kuma yarinya ba za ta iya buɗe baki ta tambayi yayanta ba, ka ba matarka ko Inna kuɗin su riƙa haɗa mata.

Abinci kuwa daga gida nake haɗawa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, balle ku da kuke Funtuwa hatsi a ƙofar gida. Shinkafa, wake, garin kwaki, taliya, manja da man gyaɗa a jarka, yajin ƙuli, busasshen tumatir da tattasai, kuka da kuɓewa busasshiya, ɗan garin kunu. In ka haɗa mata na wata biyu ka ba direban da ka sani ya kai mata, 20,000 ɗin sai ya zama na cefane da abin hawa da takardu, a nan ne yake isa.

Ka rubuta naka da farashin garinku da na garin da za ta, ka tara, ka cire rijista, ka cire na kashewar, abin da ya saura shi ne naka. Ni a nawa lissafin abin da ya saura a wuyana ya fi wanda aka ɗauke min, gara ka san haka tun yanzu da ka sani a tsakiyar zango.

Injiniya_Bash:

Ni ina da ɗan ja a kan yadda ake ta cewa a karɓa a karɓa. Ba tallafi ba ne fa jama'a, bashi ne, kuma yara da yawa a ransu kason su ne na arzikin ƙasa, suna cewa wa zai biya. To ga lissafin da ya kamata a yi kafin a danna.

Rijista 128,000 sau shekara 4, in ba a ƙara ba ke nan, 512,000. Na kashewa in an biya wata 12 cif 240,000 ne a shekara, wannan shi ne iyakarsa, yana iya zama ƙasa da haka tunda da shekarar karatun da ka nema yake tafiya, amma mu ɗauki na saman, sau 4 ya zama 960,000. Jimla 1,472,000. Ka lura na kashewar ya kusa ninka na makarantar, shi ne ke kumbura bashin. Biya kuma ana farawa ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi, mai aikin ne zai riƙa cirewa tun daga tushe, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa ta wata. A ce ta samu aikin 100,000 a wata, 10,000 ke nan ake cira. In duka biyun ta karɓa sai ta yi shekara 12 da 'yan watanni tana biya, in na makarantar kaɗai ta karɓa shekara 4 da wata 4 ma ba za su cika ba ta gama. Bambancin ba kaɗan ba ne.

Sannan wajen cikewa akwai wani wuri da ake sa ka amince da abin da ake kira GSI, yara dannawa kawai suke ba sa karantawa. Tsari ne na Babban Bankin Najeriya da ke ba mai bin ka bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani akawun da ke haɗe da BVN ɗinka idan ka ƙi biya. Wato ba abin da za ka ce ka ɓace ba ne. Kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya yi rantsuwar ƙarya cewa ba ya aiki don a ɗaga masa biyan bashin.

Ban ce kar ta karɓa ba, gaskiya bashi mara ruwa a lokacin da naira ke zubewa haka sauƙi ne babba, 20,000 ta yau ba ita ce 20,000 ta shekara bakwai masu zuwa ba. Cewa nake a karɓi iya abin da ake buƙata. Kuma ta dage da karatu tun zangon farko, don na kyauta suna nan: hukumar tallafin karatu ta jiharku, a ajiye takardar shaidar ƙaramar hukuma kusa, ga na gwamnatin tarayya da ake nema daga aji biyu amma sai mai maki 4.0 cikin 5, ga na gidauniyar MTN na 'yan kimiyya a aji uku da suke neman 3.5. Waɗannan ba a biya, amma makin aji ɗaya ne ke kai mutum gare su.

Maman_Khairat:

Injiniya gaskiyarka, amma wanda ya taɓa ganin yaro ya bar zuwa lakca saboda ba kuɗin mota ba zai yi saurin cewa a bar na kashewar ba. Ni namijin na hana shi karɓa saboda yana gyaran waya a cikin makaranta yana samun na sabulu, macen kuma na ce ta karɓa, don ba na so ta rasa 500 ta je tana kallon hannun wani. Kowa ya san gidansa.

Ummu_Sumayya:

Yaya tambayarka ta ƙarshe ba wanda ya amsa sosai, ita ce kuma ta fi damuna don ni ma sai da na yi ta kafin in nema. Kuɗin ruwa babu, abin da aka ba ka shi za ka mayar, ni har malaminmu na islamiyya na kai wa maganar ya ce matuƙar ba ƙari a kai to rance ne halal, ya dai ja min kunne cewa in karɓa da niyyar biya, ya tuna min ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka.

In ta gama ba ta samu aiki ba, ko ta yi aure tana zaune a gida ba ta da abin shiga, ba wanda zai zo ya kama ka ko mijinta ko Inna. Dokar ta ba ta dama ta yi rantsuwa a rubuce cewa ba ta aiki kuma ba ta samun kuɗi, a ɗaga mata. Amma ɗagawa ce ba yafewa ba, bashin yana nan da sunanta har ranar da ta fara samu. Inda dokar ta yi maganar yafewa shi ne mutuwa, ko wata ƙaddara da ta sa mutum ba zai iya biya ba.

Shi ya sa nake roƙonka kar ka yanke mata kai kaɗai, ko da yake kai ne uba yanzu. Ka zaunar da ita gaban Inna ka nuna mata lissafin nan na Injiniya da na Maman Khairat ta gani da idonta, don ita za ta ɗauka. Kuma duk wanda ya zo neman aurenta nan gaba a faɗa masa tun farko cewa akwai wannan a kanta, kar ya zo daga baya ya ce ba za ta yi aiki ba alhali ga bashi.

AbbanHanifa:

Jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya biya ku. Da safen nan mun jera takardun kamar yadda Sadiq ya ce, sai ga shi kuwa a JAMB Rukayya da y biyu, a banki Rukaiya, gobe da sassafe za ta bankin a gyara. Kuɗin rijistar na yi magana da uwar adashinmu ta yarda a ba ni kwasar wannan watan maimakon ta watan jibi, 90,000 ce, sauran akwai ɗinkin anko da na karɓa na biki, in sha Allahu zai cika kafin wa'adin. In an mayar da kuɗin daga baya sai in ajiye mata shi na ɗakin shekara mai zuwa.

Mun zauna da ita da Inna bayan azahar na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a karɓi na makarantar. Na kashewar kuma ita Rukayyar ce ta ce a karɓa na bana kawai tunda shekarar farko ce kayan saye sun yi yawa, baɗi in ta gane gari za ta tafi da keken hannun da ke ajiye a shagona, ta iya ɗinkin hijabi da gyaran kaya, sai a bar shi. Hajiya Maman Khairat maganar audugar nan wallahi ko kusa ba ta zo min a rai ba, na faɗa wa mai ɗakina ta ce ta ɗauki wannan.

Malam Idi saura tambaya ɗaya, in an gyara sunan a banki kwana nawa yake ɗauka kafin ya nuna a BVN, ta jira ya nuna tukuna ko ta fara cikewa?

Malam_Idi:

Ta jira ya nuna. Kafin ta bar bankin ta ce su ciro mata takardar BVN ɗin, in sunan bai canza ba ta koma bayan kwana biyu ko uku a sake cirowa, sai ta ga ya yi daidai da na JAMB da NIN sannan ta buɗe shafin. Ta tafi da takardar NIN ɗin da hoto fasfo biyu, wasu rassan suna neman takardar rantsuwa ta kotu ma in bambancin sunan ya yi yawa, amma na harafi ɗaya irin wannan da wuya su nema.